“Put Through” da Famfon Ƙanena

Shekarun baya, ina sabuwar malamar Ingilishi a wani kwaleji a nan Gure, wata kalma ta kusa sa in jefa wayata cikin rijiya. Ku yi dariyarku, ni ma yanzu ina yi.

Ƙanena ne ya dasa albasa a lambun da mahaifinmu ya bari, cikin wani kwari a hanyar Bune. Ya gaji da jan guga, sai ya sayar da ragunansa ya sa aka kawo masa famfo mai aiki da hasken rana daga Najeriya. Saboda famfon ya faɗaɗa shuka fiye da abin da guga zai iya shayarwa. Kaya suka iso cikin kwalaye: fanno masu ɗaukar hasken rana, wayoyi, da wani akwati mai maɓallai. Mai haɗa irin wannan a garinmu kuwa ya tafi aiki Alakos, ba a san ranar dawowarsa ba. Albasa ta fara kwantawa.

Da albasar ce kawai da sauƙi. Abokansa na shirin tafiya haƙar zinariya can arewa, shi kuma ya faɗa ƙarara cewa in lambun ya mutu bana, bin su zai yi. Mahaifiyata ta daina cin abincin kirki. Ta kira ni ɗaki, ta miƙo min lambar da masu sayarwa suka bayar.

“Ke ce kika yi lakwal, kika yi karatun boko,” in ji ta. “An ce wannan ya san injin. Yi masa yarenku. Kada yaron nan ya bar min gida.”

Mutumin injiniya ne a Legas. Hausa ko “zo in kashe ka” ba ya ji, Faransanci kuma babu labari. Na gyara murya na zuba masa Ingilishin littafi, irin wanda nake yi wa sufeto in ya zo duba aji. Ya saurara tsaf, ya ce kada in damu, “I will put you through.”

To ni a abin da na karanta, kuma nake koya wa ɗalibaina, “put through” na nufin wanda ya ɗauki waya ya haɗa ka da wani. Ka kira ofis, sakatare ya miƙa ka ga shugaba, shi ke nan. Sai na yi godiya na yi shiru, ina jiran a haɗa ni da babba. Shi ma ya yi shiru. Ina jin numfashinsa, yana jin nawa. Can ya tambaya ko ina nan, na ce ina jira. Ya ce shi ma jira yake. A haka kiredin wayata ya ƙare.

Na sake sa kiredi, aka maimaita wannan zaman kurame. Raina ya ɓaci, ni kuwa in raina ya ɓaci ko Ingilishina gudu yake.

“Malam,” na ce, “albasar mutane na mutuwa! Da wa za ka haɗa ni? Ka faɗi sunansa in neme shi da kaina!”

Bawan Allah ya yi dariya har da tari. Ya ce babu wani wanda za a haɗa ni da shi. A bakinsu na Najeriya, in mutum ya ce zai “put you through”, yana nufin zai nuna maka yadda ake yin abu, ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ka yi da hannunka. Shirun da yake yi, jira yake in ce masa ga ni gaban injin.

Ni? Ni da ko ƙwan fitila ban taɓa canzawa ba? Amma na tuna fuskar mahaifiyata, na ce masa gobe da safe ina gaban injin.

Da safe ƙanena ya ɗauke ni a moto, wato babur, yana ta tsiya. “Yaya, ki bar wahalar da kanki. Alli kika iya riƙewa.”

Muna isa sai ga sabuwar masifa: babu rezon waya a cikin kwarin. Sai ka hau tudun yashin da ya kewaye shi kafin waya ta kama. Ga injin a ƙasa, ga injiniya a sama. Na ɗaure zanina tamau na cire takalma. In hau in ji bayani, in gangaro in aikata, in sake hawa in ba da rahoto. Ya ce a fara rufe fanno da tabarma kada kuran, wato wutar lantarki, ya kama ni, muka rufe. Ya ce jar waya nan, baƙa can, na ɗaura. Ƙanena na riƙe min sukundireba yana girgiza kai.

Rana ta take, yashi ya fara gasa min tafin ƙafa. Muka zura famfon cikin rijiya, muka yaye tabarma, na danna maɓalli da bismillah. Injin ya yi ta gurnani, tiyo ya tofo ɗan ruwan da bai cika moɗa ba, ya tsaya.

Ƙanena ya zauna a gindin dabino ya ce, “Kin gani ko? Ki huta, Yaya. Dama ba rabona a nan.”

Wannan maganar ta fi yashin ƙona ni. Na ce masa, “Ni ban gama ba. In za ka tafi, sai dai ka tafi ka bar ruwa na gudu.” Na juya na sake hawa tudun, rabi da ƙafa rabi da hannu, ina haki kamar tsohuwar jaka. Injiniya ya ji yadda injin ya yi, ya ce da baya yake juyawa, in kashe shi in musanya biyu daga wayoyin famfon. Na gangaro da mazaunaina, don ƙafafun sun ce ba da su ba.

Na musanya, na danna. Tiyon ya yi tsalle daga hannun ƙanena, ruwa ya wanke masa fuska da riga. Ya ɗauki fartanya da gudu ya shiga buɗe hanyar ruwa, ni kuma na zauna cikin laka na yi kukana son raina.

Wani sashe na albasar ya riga ya ƙone, amma mafi yawa ta tashi. Yanzu in na zo kan wannan kalma a aji, nakan faɗa wa ɗalibai ma'anar littafi, in ƙara musu da ta maƙwabtanmu. Nakan ce in ba su gane ba su buɗe baki su tambaya tun da wuri, kada su yi shiru irin na malamarsu.

Ƙanena bai tafi ba. Abokansa da suka tafi, wasu sun dawo da motoci. Wasu kuwa har yau iyayensu mata na zuwa tasha su tari duk wanda ya sauko daga arewa da tambaya. Ban san a cikin waɗanne zai kasance ba da ya bi su, kuma kullum ina gode wa Allah da ban sani ba.