Ƙaryar Yaya Mai Wanki

Yaya Mai Wanki maƙaryaciya ce, kuma ba ta taɓa musawa ba. In an faɗa mata, sai ta ce, "To mai gaskiya ya zo ya kai shi."

Wanda ake kaiwa ƙaninta ne, Mai Rediyo. Gyaran rediyo yake yi kafin kansa ya taɓu. Katanga ɗaya ce tsakanina da su, komai ina ji. Asibitin masu irin ciwonsa tafiyar awa biyar ce, mota biyu, kuma ba a ba da magani sai likita ya gan shi, duk wata biyu. In magani ya yanke kwana uku, sai ya fara fasa tagogi, maza su taru a ƙofar gida ana zancen ɗaure shi da sarƙa. Shi kuwa da ya ji an ce asibiti, sai ya kulle ɗaki.

Shi ya sa take masa ƙarya. Yau ta'aziyya, gobe dubiya, jibi sayen takalmi.

Sau ɗaya na raka su. Ƙwaya biyu na maganinsa suka rage. Ta ce masa rediyon wani attajiri ne ya mutu. Ba ta yi tunanin mai gyara ba ya fita hannu banza ba. Sai ga shi da sukundireba mai tsini a aljihu.

A mota ta biyu, saura tafiyar awa guda, ya miƙe zaune.

"Yaya, na san gadar nan."

Ya zaro sukundireban. Matar da ke gefensa ta janye jaririnta. Direba ya leƙo ta madubi.

"Inna, lafiya? In ba lafiya, nan zan sauke ku."

Daji ne, ba gida, ba inuwa.

Yaya ko ƙifta ido ba ta yi ba, ta dubi direba. "Kai ɗan nan, ba kai ka ce rediyonka ya mutu ba? Na kawo maka mai gyara kana ta surutu!"

Rediyon motar lafiyarsa ƙalau, a kashe yake kawai. Direba ya dubi tsinin, ya dube ta.

"Haka ne, Inna. Sati biyu ko tari bai yi ba."

Ya tsaya, aka mayar da Mai Rediyo gaba. Ya duƙufa yana kwance ƙusoshi, bai ɗago ba sai a ƙofar asibiti. A lokacin rediyon ya mutu da gaske.

Bana gwiwoyinta sun ƙi tafiya. Ta tara mu, ni da 'ya'yan wanta, ta sa na rubuta duk ƙaryar da ta taɓa yi masa. Talatin da ɗaya.

Ta ce, "Ba ya mantuwa. Kada ku maimaita ko ɗaya, ku nemo sabuwa. Ku caje aljihunsa kafin ku fita. Kuma don Allah, ko motar ta gagara, kada kowa ya shigo min da sarƙa gidan nan."