Ranar da Janar Ya Tsaya wa Direbansa

A duk tarihin sojan ƙasar Sabiya, mutum ɗaya ne ya taɓa zama ya miƙe ƙafa alhali Janar Stanimir yana tsaye a kansa. Sunansa Radisav, muƙaminsa kuwa direba.

Ya fara tuƙa Stanimir tun yana ƙaramin laftana mai kunnuwa kamar faifai. A shekarar farko laftanan ya gayyace shi slava, bikin waliyyin gidansu, wanda sau ɗaya ake gayyatar mutum, gayyatar ta ishe shi har kabari. Ya je, ya ci, ya dawo. Daga nan Stanimir ya zama manjo, ya zama kanar, ya zama janar. Radisav ma ya ci gaba: motocin da yake tuƙawa sun yi ta ƙara tsawo. Amma bai sake taka bikin ba, don a ganinsa laftana ne ya gayyace shi, ba janar ba.

Da suka yi ritaya, Radisav ya koma ƙauyensu kusa da Valjevo, yana dasa itatuwa yana ba su labarin Janar. Abin da ke cinsa ɗaya ne: ko mutumin yana tuna fuskarsa, tunda ƙeyarsa kawai ya saba gani.

"Kai tsoho, ka ishe mu da Janar," in ji matarsa Leposava. "In ya san ka, ga hanyar gidansa a Belgrade nan. In ya kore ka, ka taho mana da gishiri."

Ranar bikin ya ɗauki kwalbar barasar gida da suke kira rakiya, ya hau bas. A bakin ƙofar Janar ya juya zai gudu, sai aka buɗe.

"Wannan ƙeyar ko a duhu na san ta!" in ji Janar. "Radisav, ɗan banza, sai yau? Shekara talatin kana jira a mota?"

"Yallaɓai, na ɗauka gayyatar ta tsufa."

"Kai ne ka tsufa. Shigo ka zauna."

Ya zauna. Janar da kansa ya miƙa masa cokalin dafaffiyar alkama, ya cika masa kofi, ya tsaya a kansa har yamma bai ɗora ɗuwawu a kujera ba. Tun daga nan Radisav yake zuwa duk shekara, Leposava ma ta ɗinka sabuwar riga tana binsa. Babu wanda bai ji labarin tsayuwar nan ba a ƙauyen.

Ranar slava dai, a al'adarsu, maigida ba ya zama, ko wane ne baƙon. Mai gyaran famfo ma yana teburin a ranar.