Sai Halima ta ƙoshi tukuna

Damina bakwai ke nan da muka kai Yaya Rabi makwancinta a ƙauyenmu na kusa da Suki. Ita ce babbarmu, ita kaɗai ta yi karatu a Madani, inda ta koyo aikin koyar da yaran da ba su magana. Ni a firamare na tsaya, na koma noman hawasha, wato gonar ban-ruwa.

'Yata Halima tana cikin irin waɗannan yara. Yaya ce ta koya mata wanke hannu da sa tufafi, duk abin da ta yi daidai a ba ta dabino. Amma ba ta taɓa fara darasi ba sai Halima ta ci kisra ta ƙoshi. Na ce mata da yunwa ai yarinyar za ta fi saurin bi.

"Za ta bi mana, Idi," in ji ta. "Akuyarka ma in ka hana ta ci za ta bi ka. Ni so nake in san ko Halima tana so."

In Halima ta ture tabarma, darasi ya ƙare, Yaya ta ɗora kofi a wuta.

Bayan yaƙi ya lafa a wajenmu, an buɗe ajin irin su Halima. Malamar mai haƙuri ce, biskit take bayarwa. Halima ta zama abin yabo, duk abin da aka ce sai ta yi. Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya, don na san abin da ke tukunyar gidana bai kai ya ƙosar da ita ba. Kullum ina tambayar kaina, da Yaya ta ga wannan biyayyar, yarda za ta kira ta?

Sai na fara ba Halima rabona na karin kumallo kafin mu fita. Ba a jima ba ta soma ƙin wasu ayyukan, tana yin wasu.

"Baba Idi, Halima ta koma baya," in ji malamar. "Ga yara suna jiran gurbi."

Na faɗa mata abin da nake yi. Ta ce za ta yi tunani. Har yau ba ta ce komai ba, ni kuma ba na iya tambaya.

Yaya ba ta bar gona ba, ba ta haihu ba. Abin da ta bar mini shi ne wannan rashin natsuwa, kuma ban tabbata ina yin daidai ba. In aka ba wani yaro gurbinta, babu wani aji a kusa. Allah ya jiƙanta. Gobe ma sai Halima ta ci za mu tafi.