Ranar Da Bunsurun Surukata Ya Haye Gada

Ko da zan manta da ranar haihuwata, ba na jin zan manta da Juma'ar da bunsurun surukata ya haye gadar Kaduna ya bar ni a aji ina zuba Turanci. Shekaru sun ja, amma har yau in na ji warin bunsuru sai kunya ta taso mini sabuwa.

Lokacin ina koyar da Turanci a wata sakandare a Barnawa, muna zaune a Nasarawa ni da matata. Allah ya ba mu 'yarmu ta fari, aka sa Lahadi za a miƙa ta a coci, a dawo gida a ci a sha. Surukata, da muke kira Mama, tana can ƙauye bayan Kachiya, ciwon gwiwa ya hana ta shiga mota. Tun ranar da ta ji 'yarta na da ciki ta ware wani ɗan bunsuru tana kiwonsa da hannunta, ta ce na jika ne.

Ranar Alhamis da yamma ta kira ni. Ina tsakiyar duba takardun jarrabawa, sai na maƙale wayar a kafaɗa. Ta ce ta ba wani direban bas mai zuwa Zariya bunsurun, zai bi ta baifas, titin da ke zagaye gari. "Ɗana, mutumin nan wucewa zai yi, ba tasha zai shiga ba. In ya kira, ya same ka a bakin titi." Daga nan ta shiga bayanin kamannin bunsurun da abin da ta ɗaura masa a wuya. Ni kuwa "To Mama, na ji Mama" kawai nake yi, jan birona na ta aiki. Ko kalma ɗaya ba ta zauna mini ba.

Washegari, ka ji ikon Allah, darasina a kan kalmomin wucewa da hayewa da jigila ne. Na cika allo tam. Na bayyana wa yara cewa Bature in ya ce "cross" ƙetarewa yake nufi, "transport" ɗaukar kaya ko mutane, shi kuwa fasinjan da ke "in transit" ratse ne kawai ya yi, ba ya kwance jaka, ba ya neman masauki. Har da buga tebur: "Mai wucewa ba ya jiran kowa!" Wayata kuwa tana aljihu a kashe, don ni ne malamin da ke taƙama da cewa waya ba ta taɓa ƙara a ajinsa ba.

Da na fito na kunna ta, saƙonnin kiran da na rasa suka dinga shigowa. Na kira baƙuwar lambar.

"Malam, kai ne mai bunsuru? Haba Malam! Na tsaya har fasinjoji suna zagina. Ni yanzu na wuce Jaji."

"Wayyo! Ina bunsurun?"

"Kwantar da hankalinka, na bar shi wurin mutumina a Unguwar Mu'azu. Kana haye gada, hannun dama. Mai balangu ne."

Mai balangu! Duk mutanen Kaduna, sai mai wuƙa da garwashi? Na tare keke da allin da ke hannuna, na ce masa ya taka. Abin da na fara hangowa a rumfar shi ne ɗanyar fatar akuya a shanye. Na fara tunanin yadda zan dubi matata, da yadda za a gaya wa tsohuwar da ta yi wata da watanni tana yankan ciyawa da gwiwa mai ciwo.

Mai balangun dattijo ne mai farin gemu. Na gaishe shi ina haki, na ce, "Baba, ni ne mai bunsurun da direba ya bari." Ya dube ni daga taye har takalmi, ya ce, "Madalla. Ajiyar mutane ba ta shiga wuta a nan. Suna bayan rumfa su uku, duk na direbobi ne. Wane launi ne naka, me ke wuyansa?"

Na ce baƙi. Na ce a'a, ja-ja haka. Ya girgiza kai. "Malam, shekarata ashirin ina karɓar saƙo a bakin titin nan. Ba na ba mutum don ya sa kwat. Kira wanda ya aiko."

Ba yadda na iya. Na kira Mama, na sunkuyar da kai kamar tana gabana, na ce, "Mama, ki yi haƙuri, jiya ban saurare ki ba." Sai ta ce in ba dattijon wayar. Ina jin muryarta tana lissafa masa: fari ne, kunnen hagu baƙi, an ɗaura masa ƙyallen shuɗin zanenta. Dattijon ya kwashe da dariya, ya miƙo mini wayar. "Ta ce in ba ka, ɗanta ne, Turanci ne ya toshe masa kunne."

Haka na rungumo bunsurun a bayan keke muka sake haye gada, yana kuka, yana tauna mini taye. Na kuma kiranta in ce ya iso. Na yi zaton faɗa zan sha. Sai ta ce a hankali, "Ɗana, ƙafata ta ƙi kawo ni in ga jikata. Shi na aiko a madadina, shi ya sa na yi ta maka bayani." Wallahi a tsakiyar gadar nan hawaye suka zubo mini, mai keke na leƙena ta madubi.

Ranar Lahadi aka ci nama aka yi murna, matata kuma ta ɗaura wa jaririyar ƙyallen nan a hannu bayan ta wanke shi. Mama ba ta ƙara shekara biyu a duniya ba. Tun daga ranar, in babba ya kira ni, sai na ajiye biro na saurara har ya gama, domin na gane cewa ba direban bas kaɗai ne mai wucewa ba.