Ranin da Muka Haƙi Tsakuwa a Rafinmu

Shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai aka shiga gyaran hanyar motar da ta ratsa Dayi zuwa Malumfashi, masu ginin kwalbatoci suka buƙaci tsakuwa. Wani Alhaji ɗan kwangila ya zazzagaya, ya ga babu wadda ta kai ta rafinmu kyau. Ni a lokacin magidanci ne mai 'ya'ya uku, na gama girbin dawa ina zaune ba aiki. Sai ya ɗora ni a kan leburorinsa, mu ashirin da 'yan kai, da diga da shebur da kwanon sarki.

Da rani rafin nan yashi ne zalla, in ban da wuri ɗaya. A wata kwana, ƙarƙashin wata babbar kanya, akwai gurbin da tun tasowata ban taɓa ganin ya ƙafe ba. Nan tarwaɗa take fakewa har ruwa ya sauko. Akwai kunkuru, akwai tsari mai shan rana a kan saiwa, zalɓe kuwa wuni yake yi a tsaye a gefe. Shanun Fulani su sha da hantsi, birai su sauko da la'asar.

Mun yi mako uku muna haƙa, muna matsowa wajen gurbin, sai ga wani tsoho Bamaguje wanda gidansa ke tsallaken rafi. Danginsa ne masu kula da gurbin tun kakanni, a gindin kanyar suke yankan tsafinsu kafin shuka. Ya tsaya yana kallon wani lebura da ya fasa busasshiyar laka da diga, gaiwa ta fito a naɗe tana motsi da ƙyar.

"Kai ne babbansu, ɗana?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Wannan kifin barci take yi, damina take jira. Ban ce ku bar aikinku ba. Ku dai bar mana gurbin da saiwar itacen, ku haƙi sauran."

Washegari na kai wa Alhaji maganar. Ba mugun mutum ba ne, ya saurare ni har na gama.

"Malam, muddin motata na cika, ka bar abin da za ka bari."

Na auna taki arba'in daga bakin gurbin, na jera duwatsu, na ce kada digar kowa ta ƙetare. Gaiwar da muka tono kuma na sa a riƙa ɗaukar ta da lakarta a kwanon sarki, a kai gefen gurbin a sake binnewa. Leburori suka yi ta mini dariya, na kuma san da yawa daga cikin kifin sun tafi gida a aljihun wandonsu, sun shiga tukunyar miya. Ramin da muka gama da shi mukan mayar masa da yashin da muka tankaɗe, ko da yake bai taɓa cika ba. Har ranin ya ƙare ba wanda ya taɓa duwatsun nan. Tsohon ya aiko mini da zakara.

Sai damina ta faɗi. Abin da ban sani ba, da muka kwashe tsakuwar mun cire abin da ke rage wa ruwa gudu. Ruwan farko mai ƙarfi ya zo jawur da laka, ya bi ramukanmu, ya doki kwanar nan kai tsaye. Kwana biyu gaɓa tana zaftarewa. A na uku na tashi daga gona na je, na tarar kanyar a kwance cikin rafi, saiwarta a sama. Tsohon yana zaune a kan tudu da matansa biyu. Na gaishe shi ya amsa.

Da ruwa ya ɗauke, yashi ya binne gurbin. Ɗan ruwan da ya rage ya tsiyaye cikin ramukanmu, ya zama kore mai wari, ya cika da sauro. Kafin tsakiyar rani shi ma ya tafi. Na ga ɓawon kunkuru biyu a busasshen tabo. Fulani suka kora shanunsu kudu tun lokaci bai yi ba, matan ƙauyenmu kuma suka koma tonon yashi har iya ƙugu kafin su cika tulu ɗaya. Matata ba ta taɓa ce mini laifina ne ba, amma ta daina tambayata yadda aiki yake.

Alhaji ya dawo da motarsa, ya tsaya a kwanar ya duba.

"To, Malam, yanzu me ya rage da za a bari?"

Na juya na kira leburori. A ranar muka shiga wurin da diga, tsakuwarsa kuwa ta fi ta ko'ina kyau.

Bayan 'yan kwanaki 'ya'yan tsohon su biyu suka zo neman aiki. Lambun albasarsu da gurbin ke shayarwa ya bushe, ga iyali. Na ɗauke su, na ba kowa shebur. Ba su jima ba gidan gaba ɗaya suka tashi, suka koma wajen Danja inda suke da dangi.

Sau ɗaya na sake ganin tsohon, a kasuwar Dayi, yana sayar da igiyar rama. Ya rame, idonsa ɗaya ya yi fari, amma ya gane muryata.

"Har yanzu kuna haƙa, ɗana?"

"Muna yi, Baba. Mun koma rafin gaba."

"Akwai ruwa a can?"

Na ce akwai ɗan kaɗan. Ya gyaɗa kai, ya ce in gaida gida. Na sayi igiya biyu da ba ni da buƙatarsu, na nufi inda motar Alhaji ke jiran mu.