Taryar Fistin

Autanmu yana da wata mota da har yau ban san asalin launinta ba. A hannun wani dillalin albasa ya saye ta, tsohuwa tukuf, ya kuma ɗaura aniyar sai ta zama abin tsoro a kan titin Gwarzo zuwa Kabo. Ya sa aka kankare kan injin, ya ɗora mata ƙaton kafireto, ya cire salansarta ya maƙala wani bututu da tulu zai iya shiga. In ya tashe ta da safe, kajin unguwa katanga suke hayewa. Ni yayarsa ce, kuma ban taɓa ɓoye masa cewa aikin banza yake yi ba.

Innarmu ba ta taɓa shiga motar ba. Injin markaɗen Auta take ce mata. Ko asibiti za ta, gara ta tsaya a rana ta jira adaidaita. Abin yana ci masa rai ƙwarai, ko da yake ba ya faɗa. Mutum ne da gemunsa da 'ya'yansa, amma babban burinsa a duniya Inna ta zauna a kujerar gaba ko sau ɗaya ne.

Shekarar da Inna ta tafi aikin Hajji sai ya ga dama ta samu. Alhazan wajenmu a bas ɗaya ake kwaso su daga Kano, dangi kuma su je Kabo su tarye su a bakin titi, kowa ya ɗauki nasa. Auta ya lissafa cewa a gaban jama'a, ga gajiya, Inna ba za ta ƙi shiga ba. Matsalar ita ce tun da aka kankare kan injin motar ta ƙi lafiya. A hankali tari take yi, a guje kuma sai ka ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani.

Muka tafi wajen wani bakanike a Kabo, abokin Auta. Ni an ja ni ne don a samu mai taka totur. Kawunmu, ƙanin Inna, shi ya gayyaci kansa, domin a ganinsa duk abin da ya shafi yayarsa sai da sa hannunsa.

Bakaniken ya saurari injin, ya goge hannu, ya juya wajen Kawu saboda shi ne babba.

"Baba, taimin ne. Kun ga fistin yana hawowa sama a cikin injin, fulogi kuma ya ba da wuta. To wutar ba ta zama ta jira sai ya iso. Fita take ta tarye shi a hanya. In a hankali yake tafe, a bakin ƙofa za ta same shi. In a guje yake, sai ta ƙara nisa. Amma in ta yi nisa da yawa, karo za su yi, ƙarar da kuke ji ke nan."

Fuskar Kawu ta yi haske. Duk rayuwarsa ba abin da ya ƙware a kai kamar sanin wa ake tarya a zaure, wa ake tarya a bakin gari.

"Ashe injin ya san ya kamata," in ji shi. "Su nawa ne baƙin?"

"Huɗu ne, Baba."

"Wane ne babba?"

Bakaniken ya nuna na gaba, ya ce shi ne na ɗaya, daga shi wuta sai ta je wa na uku, sai na huɗu, sannan na biyu.

"Na uku ya riga na biyu?"

"Haka aka ƙera shi, Baba."

"To ga ciwon motar nan, kuna ta neman sa a wani wuri."

Auta ya san sarai abin da zai faru, amma a gidanmu ba a musu da Kawu. Ya sauya wayoyin fulogi yadda aka umarce shi, na murɗa makulli. Motar ta yi wani harbi da ya sa akuyar mai shayi ta tsinke igiya. Kawu bai ko girgiza ba, ya ce na biyun ne yake huce haushi, an daɗe ana danne masa haƙƙi. Sai da ya tafi sallar azahar aka mayar da wayoyin a ɓoye.

Daga nan wahalata ta fara. A cikin dilko, abin da ke rarraba wa fulogai wuta, akwai wasu 'yan ƙarafa biyu ɗaure da sifirin. In injin ya ɗauki gudu sai su buɗe, wuta ta ƙara nisan tarya. Sifirin mai laushi yana sa ta fita da wuri, mai tauri yana riƙe ta. Kullum da la'asar Auta zai zana alli a jikin fuli, faifan da ke juya bel ɗin injin, ya lulluɓe kansa da bonet da tsohon bargon Inna don ya samu duhu, ya haska wata tocila mai ƙyafta ido. Ni kuma ina kujerar direba ina jin umarni daga ƙarƙashin bargo.

"Yaya, taka. Ƙara. Riƙe a nan. Na ce riƙe, ba saki ba."

Ya gwada sifirin iri-iri. Wata rana na zauna zan yi ɗinki, kekena ya ƙi jan zare, na buɗe na tarar an zare masa sifirin. Ranar na faɗa masa maganganun da sai da na nemi gafarar Allah daga baya. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce na keken ya yi laushi, in ina so zai dawo mini da shi.

A ƙarshe dai ya samu saitin. A hankali wuta tana tsayawa kusa, a tsakiya ta matsa, in gudu ya kai maƙura ta tsaya inda aka yi mata iyaka. Ko ni da na tsani motar na ji muryarta ta daidaita. Bakaniken ya ja masa kunne kada ya ƙara ko kaɗan, domin ana zafi, kuma man 'yan bumburutu ba ya jure tarya mai nisa.

Ranar dawowar Inna, Kawu ya fito cikin babbar riga ya tsaya a gaban motar.

"Ƙara wa wutar nan nisa."

"Kawu, an riga an saita ta."

"An saita ta don zuwa cin kasuwa. Yau uwa za a taro."

Auta ya kalle ni, na kau da kai. Ya buɗe bonet, ya sassauta noti, ya ɗan murɗa dilko.

Da muka iso Kabo ga jama'a cike a bakin titi, Auta ya fara rage gudu, Kawu ya ce wuce. Wai a nan kowa ke taryar tasa, Inna kuwa yayarsa ce, ta wuce a tarye ta inda ake taryar kowa. Auta ya taka, motar ta ɗauka kamar an sake ta daga turke, mayafina ya kusa fita ta taga. Ba mu yi nisa ba wata farar bas ta gifta mu ta nufi Kabo, na hango fararen hijabai da ƙyallin haƙorin Makka. Na yi ta dukan kafaɗar Auta ina cewa ga su can. A cikin ƙarar bututun nan ya ɗauka yabo nake yi, ya ƙara wuta.

Can gaba tsakuwar ta dawo cikin gwangwani, ta yi ƙarfi, sai wani abu ya ce ƙwas a cikin injin, komai ya yi tsit. Motar rake ce ta jawo mu gida da igiya, Kawu yana zaune a gaba.

Mun tarar Inna ta yi wanka, ta ci abinci, tana raba dabino da zamzam. Maƙwabta ne suka kawo ta. Auta ya durƙusa a gabanta. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba. Inna ta dube shi, ta ce aminiyarta ta ƙarshen layi ba ta da lafiya, tana so ta kai mata zamzam, ƙafafunta kuma sun kumbura.

"Tashi ka kai ni a motar taka."

Ba wanda ya iya ce mata injin ya mutu. Auta ya buɗe mata ƙofar gaba, ya zagaya ya kama sitiyari. Ni da leshina, Kawu da babbar rigarsa, da maƙwabta biyu, muka dafa bayan mota muka tura. Ta tafi sumul, ba tari, ba harbi, ko kaza ɗaya ba ta motsa ba. Ta madubi na ga idon Inna a kaina ina haki, don haka kada wani ya ce mini ba ta sani ba.

A ƙofar gidan aminiyar, Inna ta dafa hannun Auta.

"Yanzu ka gyara ta. Allah ya yi maka albarka. Kada ka ƙara taɓa mata komai."

Hawaye na zuba a gemunsa ya ce to, Inna.

Inna ta rasu bayan 'yan shekaru. Motar tana nan a ƙofar gida, tayoyinta sun sace. Bakaniken Kabo ya sha zuwa yana cewa fistin ɗaya ne kawai ya huje, a kawo ya sauya. Auta yakan ba shi wurin zama, ya sa a kawo masa ruwa, ya ce masa motar lafiyarta ƙalau, Inna ta duba ta.