Tsuntsayen Takarda Masu Sunan Hauwa

Cikin duk ranakun da na yi a aikin duba makarantu, wadda ta ƙi barin zuciyata ita ce wata Talata a zangon karatu na biyu, shekaru uku da suka wuce, lokacin ina mataimakin babban jami'i a ofishinmu na Gusau. Ina ba da labarin ne domin ƙannenmu da suka shigo aikin a bayanmu, musamman waɗanda za a riƙa turawa binciken korar ɗalibai.

Ga wanda bai san tsarin ba, shugaban makaranta yana da ikon dakatar da ɗalibi na ɗan lokaci, amma kora ta dindindin ba ta tabbata sai ofishinmu ya tura jami'i ya ji ta bakin kowa, ya ga shaida da idonsa, sannan ya sa hannu. Yawanci magana ce ta faɗa ko satar amsa.

Ran nan Tsafe na shirya zuwa. Har na shiga mota sai Darakta ya aiko a kira ni. Ya ce, "Bar Tsafe yau, ka nufi Bungudu. An kama yarinya da asiri a makarantar 'yan mata, iyaye sun cika bakin ƙofa."

Na ce, "Asiri, ranka ya daɗe?"

Ya ce, "Haka Hajiya Balaraba ta faɗa, kuma ka san ba ta ƙara wa zance gishiri. Idan abin ya kai, ka sa hannu, kafin a ƙona mana makaranta."

Da ƙyar direba ya kutsa da mu cikin taron. Hajiya Balaraba, shugabar makarantar, ta tarbe ni tana haki. Ta ce da safe an shiga siton ajiye tsintsiya da fartanya, aka tarar da wani buhu a bayan tsofaffin kujeru. Labari yana bazuwa ɗalibai biyu suka faɗi suna ihu. Ta sa masinja ya zazzage buhun a kan teburinta.

Abin da na gani ya kaɗa ni. Ɗaruruwan takardu ne, an naɗe kowace ƙanƙanuwa mai tsini uku, an shiga da allura an jera su a dogayen zare, igiya bayan igiya. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san kamannin abin da ake naɗewa a rataya a zare. Na ja da baya ina neman tsari, duk da karatun jami'ar da na yi.

Malam Lawali, mai koyar da addini, ya yi bisimilla ya warware guda ɗaya da bakin biro. A ciki an rubuta "Hauwa Buba". Ya warware ta biyu, suna ɗaya. Ta uku ma haka.

Hajiya ta yi mini bayani. Hauwa ɗalibar ajin ƙarshe ce, 'yar wani makiyayi daga wajen Karakkai, tana zaune wurin gwaggonta a Bungudu. Tun farkon zango take kwance a asibiti a Gusau, jiki ya ƙi daɗi. Mabuɗin siton kuwa yana hannun Rukayya, shugabar tsafta, wadda suke zama benci ɗaya da Hauwa, kuma su biyun ne kullum suke takarar zuwa na ɗaya. Ga abu, ga suna, ga mai mabuɗi, ga dalili. Takardar kora tana gefen tebur, hannuna kawai take jira.

A baranda wani dattijo yana zaune, sanda a kan gwiwa. Malam Buba ne, mahaifin Hauwa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, ni ban zo faɗa ba. Likita ya ce ciwon jini ne, na yarda. Yau an ce mani an ɗaure sunan ɗiyata ga zare. Wanda ya ɗaure, a ce ya kwance."

Aka shigo da Rukayya, idanunta sun kumbura. Na tambaye ta ko ta san kayan nan. Ta ce ita ta yi su. Na ce ita da wa? Ta ce ita kaɗai.

Hajiya ta ce, "To ka ji da kunnenka, Malam Insifeto. Ta amsa."

Ƙa'idar aikinmu ta ce amsa laifi ba ta wadatar ba, sai an tambayi mai laifin abin da ya yi da bakinsa. Da yawanmu muna tsallake wannan mataki idan shaida ta yi yawa. Ban san abin da ya sa na bi shi ran nan ba, wataƙila don na lura rubutun sunan ba hannu ɗaya ba ne, wani da biro, wani da fensir. Na ce, "Rukayya, mene ne wannan ɗin?"

Ta ce, "Tsuntsaye ne, Malam."

Malam Lawali ya ce, "Tsuntsaye? Ke, kada ki raina mana hankali."

Ta nemi izini, ta zare guda ɗaya, ta kama gefe biyu ta ja a hankali. Sai ga fikafikai sun buɗe. Ta ajiye shi a teburin Hajiya ya tsaya, ga dogon wuya, ga baki, ga wutsiya. Tun safe malamai suke jujjuya abin nan da tsinke, babu wanda ya yi tunanin yana buɗewa.

Daga nan ta faɗi komai. Akwai wani wasan kwaikwayo na ƙasar Japan, mai kashi-kashi, kan 'yan sakandare da abotarsu. Yayanta ya samo shi a shagon masu tura finafinai a waya, su kuma suna taruwa gidansu ranar Asabar su kalla, suna karanta fassarar Turanci a ƙasan allo. Hauwa ta fi kowa son sa. A wani kashi, wata ɗaliba ta kwanta asibiti, 'yan ajinsu suka naɗa mata tsuntsayen takarda guda dubu, kamar yadda al'adarsu take ta yi wa maras lafiya fatan sauƙi. Su Rukayya sun yi ta tsayar da hoton suna maimaitawa har suka iya naɗin.

Ban karɓi wannan da baki kawai ba. Na sa aka kira yayan nata, wani ɗan acaɓa, ya zo yana rantsuwa tun kafin a tambaye shi. Muka jingina wayarsa da kwalbar ruwa, na ce a shigo da Malam Buba. Haka muka zauna, jami'in gwamnati da shugabar makaranta da malamin addini da makiyayi, muna kallon yaran wata ƙasa mai nisa. Ga su suna share ajinsu da kansu, ga kujera guda babu kowa a kanta, ga yatsunsu suna naɗa takarda daidai yadda Rukayya ta nuna, suna jerawa a zare. Hajiya ta dafe kai tana salati.

Malam Lawali bai saki maganar nan take ba, kuma na ga dacewar hakan. Ya ce, "To ke kin yarda takarda tana warkar da mutum?"

Rukayya ta ce, "A'a, Malam, Allah ke warkarwa. Kullum bayan azahar muna yi mata addu'a, kai ma ka sani. Amma ba ta ganin addu'ar. An hana mu zuwa Gusau saboda rashin tsaron hanya. So munka yi ta ga wani abu da idonta, ta san ba mu mance da ita ba."

"Sunan fa?"

"Su can ba su rubuta suna ba. Mu munka ƙara, don ta san nata ne."

Na tambayi dalilin ɓoyewa. Ta dubi Hajiya ta sunkuyar da kai, ta ce dokar makaranta ce duk wadda ta yage takarda daga littafinta za a yi mata bulala. Na ce to me ya sa ta ce ita kaɗai ce? Ta ce, "An ce wadda ta yi korar ta za a yi. Jarrabawa ta kusa. Gara a kori mutum ɗaya."

Na tafi ajinsu, ban yi musu wata tambaya ba. Na raba wa kowace farar takarda na ce mai iya tsuntsu ta naɗa. Da farko ba wadda ta motsa. Can sai hannuwa suka fara aiki, benci bayan benci, har kusan ajin duka. Wadda ta riga kowa gamawa ita ce Luba, ɗaya daga cikin biyun da suka faɗi da safe. Na ce, "Ke da hannunki kika naɗa, me ya kayar da ke?"

Ta ce, "Malam, da na ji manya duk sun ce asiri ne, sai na tsorata. Na ce ko mun yi asiri ba mu sani ba."

Wannan amsa ta fi buhun girgiza ni. A cikin sa'o'i kaɗan mun sa yarinya ta ƙaryata abin da yatsunta suka yi.

Na rubuta a rahotona cewa babu laifin da ya kai kora, na ƙi sa hannu. A takarda magana ta ƙare, amma a bakin ƙofa ba ta ƙare ba. Hajiya ta fita ta yi bayani, sai aka fara gunaguni. Wani ya ce an zo daga Gusau an rufe zance. Wata mata ta nuna mahaifiyar Rukayya, wadda take tsaye gefe tana kuka, ta ce ai a gida ake koyon irin wannan. Hajiya ta dawo ta ce mini, "Rahotonka ya maido Rukayya aji. Sunanta fa? A garin nan za ta zauna. Gobe ɗan wani ya yi zazzaɓi, wa kake jin za a tuna?"

Duk wannan lokaci Malam Buba yana zaune a gefe. Tsuntsun da aka buɗe yake ta juyawa a tafin hannunsa. Sai ya ce, "Wagga ai balbela ce. Mai bin shanu." Ya dubi Rukayya ya ce, "Ɗiyata, duk wannan domin Hauwa?" Ta gyaɗa kai.

Ya miƙe, ya kwashi igiyoyin nan ya rataya a wuyansa, ragowar ya ɗaura a sandarsa. Ya ce wa Rukayya ta biyo shi. Ina biye da su har bakin ƙofa. Mutane suna ganin sa suka dare, wasu mata har da gudu. Ya tsaya a tsakiya ya ce, "Jama'a, ɗiyata ce ke kwance, sunanta ne a ciki. In asiri ne, ga shi ga wuyana, ni zai fara ci. Kunyar da nike ji yau, yaran ga sun tuna da ita ta hanyar da ni ban iya ba, mu kuma mun taru mu wulakanta su." Ya zare guda ɗaya, ya ba Rukayya ta buɗe a gaban kowa, ya miƙa wa matar da ta yi maganar ɗazu. Ta karɓa. Bai tsaya nan ba. Da kayan a wuyansa ya taka har tasha, Rukayya da mahaifiyarta a gefensa, yana tsayawa gaban masu shaguna yana gaya musu wadda ta yi wa 'yarsa wannan alheri.

A tasha na ɗauke su a motar ofis zuwa Gusau, da izinin Hajiya. Muna shiga ɗakin marasa lafiya, Hauwa ta hango abin da yake wuyan mahaifinta. Ba ta buƙaci bayanin kowa ba. Ta yunƙura ta zauna, ta ce, "Rukayya! Kun cika dubun?"

Rukayya ta ce, "Saura kaɗan anka kama mu."

"Anka kama ku? Da laifin mi?"

Na dubi rahoton da yake hannuna, na naɗe shi na sa a aljihu.

Allah ya ba Hauwa sauƙi, ta koma makaranta a zango na uku, su biyun suka zauna jarrabawarsu. Har yau ina tambayar kaina abin da zai faru da a ce rubutun nan hannu ɗaya ne. Ina jin da na sa hannu, kuma da babu wanda zai zarge ni, domin shaida ta cika kuma mai laifi ta amsa. Yaranmu suna kallon duniyar da mu ba mu kallo, suna ɗauko abubuwa daga cikinta, mu kuma muna fassara su da tsoron da muka gada. Na kuma gane iyakar ofishinmu: muna iya hana kora, amma wanke suna sai wanda jama'a suka san shi ne aka ce an cuta.

Hauwa ta ba ni tsuntsu ɗaya ran nan. Yana kan teburina, kuma da gangan na bar fikafikansa a rufe. Duk sabon jami'in da aka turo mini, kafin in aike shi bincikensa na farko, nakan tura masa shi in ce ya gaya mini mene ne. Yawancinsu sukan ja kujera baya. Wanda ya ce, "Yallaɓai, wa ya yi shi, in tambaye shi?" shi nake fara turawa.